Layin da Ya Ƙi Faɗuwa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na ɗakin injin jirgi, kuma ina fata teku ta yi muku sauƙi ba kamar wancan watan ba. Mu nan lafiya lau. Maigidana yana gaishe ka, yara ma haka. Tunda kira ba ya shiga sai kun tsaya a tasha, saƙo kaɗai ke isa, ga ni da doguwar wasiƙa, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe.

Jikin Baba da sauƙi, amma sauƙin nan na baki ne. Ina biyawa da safe kafin in wuce makaranta, in dawo da yamma bayan an tashi. Duk lokacin da na shiga ina samunsa a bakin gado, robar injin iska a hanci, yana harararta kamar ita ta jawo masa ciwon huhun. Abinci yana taɓawa kaɗan. Sabuwar ɗabi'ar da ya tsiro da ita ita ce fanka. Dare da rana tana juyi, ko da gari ya yi sanyi. Na kai hannu zan kashe rannan, ya daka mini tsawar da sai da tari ya sarƙe shi. Na ce Allah ya ba ka haƙuri, fankarka ce.

Ya ce in roƙe ka abu ɗaya. Robar injin gajera ce, iyakarta bakin gado. Yana so a sayo doguwa wadda za ta kai shi ƙofar gida, ya zauna a kujerarsa su yi hira da Tela maƙwabcinsa kamar da. Injin ba ya ɗaukuwa gare shi, ka san matakala ukun nan na tsakanin ɗakinsa da ƙofa. Ban saya ba sai na ji daga gare ka, tunda kai ka sayi injin kai ka san kansa.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Ka san Baba, shekara talatin da ɗaya yana bin gidaje yana karanta mita, har aka kawo sababbin nan masu aika lissafinsu da kansu aka ce ya huta. Bai yafe wa sabuwar mitar gidanmu ba, yana kiranta mai ƙwace, amma kullum da safe sai ya dafa bango ya je ya karanta ta ya rubuta a littafinsa. Jiya ya manta littafin a kan tebur a buɗe, idona ya faɗa kai. Gidan gaba ɗaya, da firji da fitilu da komai, yunit biyar yake ci a rana, wani lokaci biyar da rabi.

Yaya, a wasiƙarka ta baya ka ce zoben nan da ka maƙala wa wayar soket ɗin injin kafin ka tafi, wanda Baba ke kira ɗan sandan Yayanki, yana nuna maka a waya cewa injin shi kaɗai yana cin yunit takwas da ɗoriya kullum. Ni malamar lissafi ce ta 'yan aji huɗu, ban san wuta ba. Amma ko ɗalibina na ƙarshen aji ya san ɗaki ɗaya ba zai fi gidan da yake cikinsa ci ba. Ɗaya daga cikin biyun nan ba gaskiya yake faɗa ba, kuma hankalina bai kwanta ba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai dai gajiya. Injin jirgi ya ba mu wahala kwana huɗu, hannuna duk baƙin mai, da ƙyar nake riƙe waya. A gaida maigidanki da yara. Ki gaida Baba, ki ce Injiniyansa yana yi masa addu'a.

Malama, kin kai lissafi har kan wuta? Allah ya ƙara basira. Ki kwantar da hankalinki. Zoben nan ba na wasa ba ne, sai da na bincika na zaɓi mai kyau. Yana kewaye wayar ne ya ji ƙarfin wutar da ke wucewa ta cikinta, ya aiko mini. Injin Baba wat ɗari uku da hamsin yake ja. A wayata layi ne miƙaƙƙe a kan ɗari uku da hamsin, safe da yamma, ba ya faɗuwa sai in an ɗauke wuta. Ki ninka da awa ashirin da huɗu ki gani in bai ba ki takwas da ɗoriya ba. Wannan layin shi nake fara dubawa in na tashi, shi nake dubawa kafin in shiga aiki. In na gan shi a miƙe sai in ji kamar na leƙa ɗakin na ga Baba yana numfashi.

Mitar kamfani kuwa, kin manta abin da Baba da kansa yake faɗa a kanta? Ko dai tana da matsala, ko idon Baba ne ya fara gaza karanta lambobi. Ki bar ta.

Maganar doguwar roba, a'a. Na karanta cewa in roba ta yi tsawo iskar tana raguwa kafin ta kai hanci. Kuma me zai yi a ƙofa, hayaƙin motoci da surutun Tela? Likita ya ce ya zauna a kan injin dare da rana, to ya zauna. Wata huɗu ya rage in gama wannan zangon, in na dawo ni da kaina zan riƙa fito da shi.

Na san har yanzu kina jin haushin ranar nan da muke tasha, da na ga layin ya faɗi awa uku na kira na yi miki faɗa a gabansa. Tsoro ne ya sa. Amma kin ga amfaninsa, tun daga ranar layin bai sake faɗuwa ba.

Yayanki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fata injin jirgin ya daidaita, hannunka kuma ya huta. Yara lafiya, ƙaramar ce ta yi zazzaɓi ta warke. Baba ya amsa gaisuwarka, ya ce a gaya wa Injiniya ɗan sandansa yana aiki yadda ya kamata. Da ya faɗa sai ya yi wata 'yar dariya da ban gane kanta ba.

Ka ce in bar mita, ban bari ba, ka yafe mini. Ranar Asabar na kira Mai Waya, mai gyaran wutar nan da ya ja maka soket ɗin injin. Muka roƙi Baba ya yi haƙuri na awa ɗaya ba inji da safe, lokacin da numfashinsa ya fi daidaita. Aka kashe komai na gidan, har fankar, bayan doguwar rigima. Mai Waya ya jona wata hita tasa ta dafa ruwa mai wat dubu ɗaya, muka zauna muna kallon agogo. Awa ɗaya cif, mita ta ƙara yunit ɗaya cif. Ya ce mitar nan ƙalau take, irinta sai an gwada an rufe da hatimi kafin a kafa. Ya ce zobe irin naka yakan yi kuskure kaɗan sama ko ƙasa, don ƙarfin wutar gida yana hawa yana sauka shi kuma zato yake yi, amma kuskuren bai isa ya mai da biyar takwas ba. Ya so ya buɗe akwatin fis ya duba yadda zoben ya zauna. Baba ya ce ba mai taɓa masa akwati yana raye, shi da ya shekara talatin da ɗaya a aikin wuta ba yaron jiya ne zai koya masa ba. Mai Waya ya tattara kayansa ya ba da haƙuri.

Idon Baba kuwa ras yake. Na tsaya a bayansa ya karanta lambobin, ko ɗaya bai kuskure ba.

Ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Ranar Talata aka tashe mu da wuri, na iso gidan wajen sha ɗaya da rabi maimakon huɗu. Na tarar da shi a tsakiyar matakala, yana komawa ɗaki, yana haki, kujerarsa tana ƙofa. Ya ce fitowarsa ke nan, minti biyar. Na shiga na dafa injin. Yaya, sanyi ƙalau. Injin nan in ya yi aiki jikinsa ɗumi yake yi, na sani don kullum ina goge shi. Na tambayi Tela, ya sunkuyar da kai a kan kekensa ya ce shi ɗinki yake yi, ba ya kallon agogo.

Ƙafafun Baba sun fara kumbura, leɓɓansa sun yi duhu. Labarin zuciya a tambayi fuska. Don Allah ka duba wayarka, ranar Talata daga tara zuwa sha biyu, layin ya faɗi ko bai faɗi ba?

Kuma ka riƙa rubuto masa ko layi biyu ne nasa na kansa, in karanta masa. Tun da aka sa zoben nan ba ka tambaye shi yaya ya kwana ba, wayarka kake tambaya. Na'ura ba ta gaisuwa, Yaya.

Auta

*

Auta,

Na samu. Ina lafiya.

Na duba. Ranar Asabar layin ya faɗi awa ɗaya, daidai lokacin da kika ce kun kashe komai, kin ga shaida ke nan cewa zoben yana gani. Ranar Talata bai motsa ba. Ɗari uku da hamsin daga safe har yamma. Hannunki ne ya ruɗe ki, ko kin taɓa gefen da ba ya ɗumi. Kuma wa ya ba ki izinin raba shi da injin awa guda don ki gwada mita?

Layinki na ƙarshe na karanta shi ya fi sau goma. Wato na sayi na'ura ne don in huta da ubana. Haka kike nufi, ki faɗa kai tsaye. Ni da nake cikin ƙarfe da zafi wata takwas, ba na ganin ƙasa, don wa nake yi? Ke kina kwana a gidanki kina ganinsa kullum, ni layin nan kaɗai gare ni, shi ma kina so ki ƙwace. In hidimar ce ta ishe ki, ki faɗa a nemo mai jinya, ba sai kin bi ta kan mita ba.

Kada ki sake rubuto mini maganar mita.

Yayanki

*

Yaya,

Salamu alaikum. Ba haka nake nufi ba, Allah ya sani, amma ba lokacin wannan ba ne. Yau Laraba da hantsi Baba ya faɗi a ƙofar gida. Tela ne ya kira ni. Muna asibiti, an sa masa iska ta babbar tukunya. Likita ya ce zuciyarsa ta daɗe tana wahala saboda ƙarancin iska, ya tambaye ni ko yana amfani da injinsa kuwa.

Da za a sa shi a mota ya riƙe hannuna ya ce kada in kashe fanka. Na ce to.

Ka rubuto da zarar ka gani.

Auta

*

Yaya,

Kwana biyar ke nan. Na kira ofishin kamfaninku, sun ce za su isar, ban san ko sun isar ba. Yana farkawa yana komawa. In ya farka sai ya ce, Injiniya ya rubuto? In ce hanya ce ba kyau. Ko kalma ɗaya ce ka aiko in karanta masa. Don girman Allah.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, ke da maigidanki da yara. Mu mun shiga ruwa mai nisa, sai nan da kwana shida za mu ga tasha.

Zan faɗa miki gaskiya, na ga saƙonninki guda uku sun shigo, ban buɗe ko ɗaya ba. Na san maganar mita ce, kuma na san in na karanta cikin fushi zan rubuta abin da zan yi nadama. Ofis ma sun aiko wai in tuntuɓi gida, na ce lallai Auta ta kai ƙarata har wurin aiki. Yanzu na huce. Ni ne babba, ni ya kamata in fara saukowa. Abin da na faɗa na mai jinya ki yafe mini, na san abin da kike yi ba mai iya biyanki.

Abin da ya sanyaya mini rai shi ne layin Baba. Kwana tara ke nan bai faɗi ko na minti ɗaya ba, ko wuta ba a ɗauke muku ba. Alhamdulillahi. Ki ce masa na gani, na ji daɗi, haka nake so.

Na yi tunanin maganarki kuma. Ga nasa, ki karanta masa: Baba, yaya ka kwana? Yaya ƙarfin jiki? In na dawo zan fito da kai ƙofa da kaina, mu zauna har Tela ya gaji da mu.

Gobe in Allah ya kai mu zan buɗe saƙonninki.

Yayanki

*

Yayana,

Wa alaikumus salam. Na san kafin wannan ta same ka ka buɗe ukun, ka ga ta ƙarshe da na aiko ranar Laraba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu ranar Laraba da la'asar, kwana bakwai bayan faɗuwarsa, ina riƙe da hannunsa. Bai sha wahala a ƙarshe ba. Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri, ni da kai.

Wasiƙarka ta iso ranar Juma'a. Na karanta layin da ka rubuta masa a ɗakinsa, da ƙarfi, ni kaɗai. Ban san dalilin da ya sa na yi haka ba. Na yi kuka har na gode wa Allah.

Ina zaune a bakin gadon sai na lura da abin da ke gabana. Injin yana kusurwa a kashe, an naɗe robarsa, kwana tara ba wanda ya taɓa shi. Kai kuma ka ce layin bai faɗi ba. Ba abin da ke motsi a ɗakin sai fanka. Na bi wayarta da hannu, ta shige bayan kabad. Maigidana ya ja kabad ɗin. Ga zobenka nan, Yaya, da ɗan akwatinsa, an ɗaure su da tsumma a jikin ƙusa. Baba ya ciro shi daga akwatin fis. Ya fere bayan wayar fanka, ya ware silin guda, ya naɗa shi cikin zoben sau biyar, ya rufe da salatif tsaf, aikin gwani. Mai Waya ya zo ya gani ya riƙe baki. Ya ce fankar wat saba'in take ja, zoben kuma duk zagaye ɗaya ƙirga shi yake kamar wata wuta ce daban. Saba'in sau biyar. Ba sai na yi maka lissafin ba.

Wata uku kana kallon fanka, ni kuma ina goge injin da ake kunnawa in an ji tsayuwar motar da ke sauke ni.

Na buɗe littafinsa. Ashe daga bayan littafin yana da wasu shafuka da ban taɓa gani ba. Kowace rana ya rubuta awa nawa ya yi a inji, awa nawa a ƙofa. Inji uku, ƙofa shida. Inji huɗu, ƙofa biyar. Da dare ma ashe cire robar yake, ya rubuta wai ƙarar tana hana shi barci. A gefe yana rubuta wanda ya wuce ya gaishe shi. Shafin farko yana ɗauke da kwanan watan washegarin ranar da ka kira ka yi mini faɗa. A shafin ƙarshe akwai wannan, na kwafe maka yadda yake:

"Injiniya. In kana karanta wannan to an ja kabad. Kada ka ga laifin zobenka, abin da aka ba shi yake faɗa. Na shekara talatin da ɗaya ina kama masu yi wa mita dabara, ban taɓa zaton zan yi ba sai a kan ɗana. Ranar da ka yi wa Auta faɗa tana tsaye a gabana tana share hawaye da gefen mayafi, ni na kashe injin, ba ita ba. Na ce ba za a sake ba. Ɗakin nan kuma ba zan iya wuni a cikinsa ina kallon bango ba, mutum ne ni mai yawo. Na san abin da likita ya ce, da hankalina na zaɓa. Littafi dai ban rubuta masa ƙarya ba. Ka gama aikinka lafiya. Kada ka yi wa Auta faɗa."

Ba na rubuto don in ɗora maka ba ne. Kasona ya ishe ni. A asibiti na tambayi ma'aikaciyar jinya maganar doguwar roba, ta ce irin injinmu yana ɗaukar roba har mita goma sha biyar ba abin da zai ragu. Daga gadonsa zuwa kujerarsa na auna jiya da tef ɗin Tela, mita tara ne. Da na tambaya tun farko maimakon in jira izini, da yana ƙofa da iskarsa a hanci. Na ga injin da sanyi, na ga leɓɓansa, na tsaya ina gardamar lambobi da kai. Wannan zan ɗauka har in bi shi.

Na yafe maka abin da ka faɗa, kai ma ka yafe mini. Mu biyu muka rage. Ka kira ni in kun isa tasha, ko ba ka da abin faɗa, in ji muryarka.

Ya ce kada in kashe fanka, na bar ta kwana goma sha ɗaya. Ba zan iya barinka kana buɗe waya kana ganin layin nan a miƙe ba. Yau Lahadi, ƙarfe huɗu na yamma, lokacin da na saba isowa. In na aika wannan zan tashi. In ka ga layin ya faɗi, ba wuta aka ɗauke ba, Yaya, ni ce.

Ƙanwarka,
Auta